Muryar Doña Crispina

Mijina Eleuterio shi ne mai ɗaukar bidiyo a garinmu, can kan duwatsun Oaxaca. Lute ake kiransa. Ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Aibinsa guda ne: idan ya gama aiki ba ya komawa ya duba. Cewa yake dubawa na masu koyo ne.

Wata Laraba aka aiko daga gidan Doña Crispina, tsohuwar da ke sayar da tamal, wani abincin masara da ake naɗewa a ganye, a bakin coci. Ciwo ya yi mata tsanani. Ɗanta Fortino yana ƙasar da ke arewa da tamu yana tsinkar 'ya'yan itace, shekara goma sha huɗu bai zo gida ba. Ta ƙi waya, ta ce waya tana yanke mata magana. So take a ɗauke ta a bidiyo sosai, ta faɗa masa abin da ke ranta.

Ni na riƙe makirufo. Ta sa aka taje mata gashi, ta dubi Lute ta ce, "Kai ɗan nan, idan ka fito da ni mummuna, zan dawo daga kabari in ja maka ƙafa."

"Inna, ko biki aka kai ki a haka sai an rasa wace ce amaryar," in ji shi.

Ta yi dariya. Daga nan ta juya harshe zuwa Mixteco, yaren da ta goyi ɗanta da shi. Ta kori kowa daga ɗakin sai mu biyu, kuma ni da Lute ba ma jin yaren. Ta yi kusan rabin sa'a tana magana.

Da muka koma gida Lute ya ce sabuwar kyamararsa MOV take fitarwa, talabijin ɗin gidan Doña Crispina kuwa tsohuwa ce, MP4 kawai take karantawa. Na tambaye shi bambancin. Yana son a tambaye shi.

"Kin ga tamal? Akwai ganyen, akwai abin da ke ciki. MOV da MP4 ganye ne, mazubi kawai. A ciki akwai hoto, akwai sauti, kowanne da irin matsewar da aka yi masa, ita ake kira kodek. Ganyen kawai zan canza."

Yana cikin yi, wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a kwamfutar. Ya danna ya wuce.

"Lute, me ya ce?"

"Surutun na'ura ne."

"Ko mu kunna mu ji?"

"Herminia, ke da kika tsaya a aji huɗu? Je ki duba wake."

Na tafi na duba wake. Washegari yana da bikin cikar wata yarinya shekara goma sha biyar, sai ya goge katin kyamarar ya ɗauki rawa a kai. Bai ajiye na asalin a ko'ina ba.

Doña Crispina ta rasu ranar Lahadi. Fortino ya taho duk da ya san da wuya ya sake tsallake iyaka ya koma, amma bai samu jana'iza ba. Ya iso ranar addu'ar kwana tara. Bayan an ɗaga gicciyen mamaciyar, kamar yadda al'adarmu take, aka fito da talabijin tsakar gida, aka zaunar da shi a gaba, hularsa a gwiwa.

Hoto ya fito tas. Ga ta nan da gashinta a taje, bakinta yana motsi. Babu sauti.

Lute ya ƙara murya har ƙarshe. Ya canza wayar da ke jone da talabijin, ya kawo kwamfutarsa. Can ya gane abin da rubutun ya faɗa: irin sautin kyamarar ba ya shiga sabon mazubin sai an sake matse shi, shi kuwa ya danna a ci gaba, na'urar ta zubar da sautin ta ɗauki hoton kaɗai.

Fortino bai yi faɗa ba. Ya kalli uwarsa har ƙarshe. Sannan ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, an ce ke kika riƙe makirufo. Me ta ce?"

Na sunkuyar da kai. Na ce ba na jin yaren, amma na ji sunansa sau da yawa, kuma sau biyu ta yi dariya.

"A ina ta yi dariyar?"

Na nuna masa wurin. Ya ce a mayar. Aka mayar sau uku.

Lute bai taɓa kyamara ba har wata biyu. Yanzu idan ya gama aiki ni yake kira, mu zauna mu kalla tun daga farko, da ido da kunne.

Darasin da na ɗauka shi ne, kyan mazubi ba ya nuna abin da ke ciki ya cika. Wanda aka ba amanar abin da ba a maimaitawa, ya duba aikinsa kafin ya goge na asali, kuma kada ya raina mai tambaya. Ni ma ina da nawa: na ga rubutun nan, na tambaya sau biyu, kunya ta hana ni na uku.