Hannun Jari a Dutsen Azurfa

Akwai wani manomi a wata ƙasa mai duwatsu, wanda Ubangiji ya sa wa aikin hannunsa albarka. Yana da gonaki da shanun huɗa, kuma dattijo ne a ikilisiyar garinsu. Ranar Lahadi wurin zamansa a gaba yake, in ya yi gyaran murya kowa sai ya yi shiru.

Yana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Laraba. Ta yi aure a wani ƙauye da ke gindin wani babban dutse, nesa da garinsu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da wata 'yar fadama a bakin rafi. A nan take noman albasa da tumatir da rani, da shi take ciyar da gidanta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Rafin nan daga dutsen yake gangarowa, kuma shi ƙauyen duka yake sha, mutum da dabba.

Ana nan sai aka gano tagulla da azurfa a cikin dutsen. Wani kamfani ya zo da manyan injuna ya fara haƙa, ya kuma aiki wakilinsa gari gari yana neman masu zuba jari. Wakilin ya isa gidan manomin, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ba za ka riƙe diga ba, ba za ka shiga rami ba. Ka sayi hannun jari, ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. In an raba riba, rabonka ya same ka har gida."

Manomin ya yi shawara da zuciyarsa, ya sayar da wasu shanunsa, ya saya. Da shekara ta zagayo, riba ta zo, har ta fi abin da aka faɗa masa. Ya ƙara saya. Ya sake rufin gidansa, ya sayi mota, ya tura 'ya'yansa makaranta a birni. Zakka kuwa bai taɓa fasa fitarwa ba.

Wata rana da rani, sai ga Laraba a ƙofar gidansa, ƙafafunta sun yi futu-futu. Aka ba ta ruwa ta sha. Ta jira har baƙi suka tashi, sa'an nan ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Yaya, rafinmu ya lalace. Suna wanke dutsen da suka niƙa da wani magani, su sako ruwan a kanmu. Kifi ya taso ciki sama. Albasata ta ƙone tun tana ƙarama. Awaki suna ɓari. Yanzu ga 'yata Auta kwance, ciki yana murɗa mata, abin da ta ci duk sai ya dawo."

Ya ce, "Kun kai kuka wurin kamfanin?"

Ta ce, "Mai unguwa ya je. Sun ce maganin abin shi ne a gina babban tafki a tare ruwan wankin, amma ba su da ikon taɓa kuɗin sai masu hannun jari sun yarda a taronsu. An ce kana cikinsu, Yaya. Mu ba za a bar mu mu shiga ba. Kai za a bar ka. Ka yi mana magana."

Ya ce, "Zan duba. Ki yi ta addu'a." Ya ba ta kuɗin mota, ta koma.

Ranar taro ta zo. Manomin ya sa babbar rigarsa ya tafi birni. Aka zaunar da su a wani ɗaki mai sanyi, gaban kowa an ajiye ruwan gora mai tsabta. Shugaban taron ya tashi ya ce, "Ga magana a gabanmu. In mun gina tafkin nan, babu rabon riba bana, wataƙila har baɗi. In kuwa mun ɗage shi zuwa gaba, kowa zai tafi da rabonsa. Akwai mai magana?"

Manomin ya motsa a kujerarsa. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna bikin 'yarsa yana tafe, ya tuna ya yi alkawari a gaban jama'a zai sa wa majami'a sababbin tagogi. Ya ce a ransa, "Ni wane ne a cikin manyan nan? Jarina kaɗan ne. Ko na yi magana, ba abin da zai canza." Ya yi shiru.

Shugaban ya ce, "Masu son a gina, su ɗaga hannu." Hannuwa kaɗan suka tashi. Nasa yana kan gwiwarsa.

"Masu son a ɗage." Ɗakin ya cika da hannuwa. Manomin ya ɗaga nasa, da fari ƙasa ƙasa, da ya waiga ya ga yawan mutane, sai ya miƙe shi sosai.

Da ya koma gida ya aika wa Laraba cewa, "An yi magana, za a duba."

Kafin damina ta faɗi, Auta ta rasu. Ba ita kaɗai ba. Manomin ya tafi gaisuwar makoki da motarsa, kuma a bayan motar ya ɗora jarkar ruwa daga rijiyar gidansa, don kada ya sha na ƙauyen. Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, ya koma. Bayan tafiyarsa wani mutum ya zo gaisuwa, yana cikin kaɗan ɗin nan da suka nemi a gina tafkin. Shi ya faɗa wa mutanen ƙauyen yadda taron ya gudana. Laraba ta tambaye shi, "Yayana fa?" Mutumin ya sunkuyar da kai, ya gaya mata abin da idonsa ya gani.

Mutanen ƙauyen suka gaji da binne yara, suka kwashe kayansu suka watse. Da yawa suka sauka a garin manomin, aka ba su ɗakunan wata tsohuwar makaranta. Laraba tana cikinsu, ta ƙi sauka a gidan yayanta.

Da kaka, rabon riba ya sake zuwa. Manomin ya sayi masara mota guda, ya ce za a raba wa waɗanda suka rasa ƙauyensu, ranar bikin godiya, a filin majami'a. Ran nan fili ya cika. Mata suna guɗa, mawaƙa suna waƙa, ana ta sa masa albarka. Baƙin suka yi layi, shi kuwa yana tsaye a gaba yana miƙa wa kowa buhunsa.

Da layi ya kawo kan Laraba, ya yi murmushi ya ce wa masu ɗauka, "Ku ba ta biyu, ƙanwata ce."

Ba ta dubi buhunan ba. Ta ce, "Yaya, a taron nan naku, ina ka ɗaga hannu?"

Guɗa ta tsaya. Ya ce, "Laraba, nan ba wurin wannan magana ba ne."

Ta ce, "Na zo maka a ɗaki, daga ni sai kai, ka ce za ka duba. Yau a fili nake tambaya."

Ya ce, "Ni ban zuba komai a rafinku ba. Ban taɓa taka bakin ramin nan ba. Hannuna ɗaya ne a cikin hannuwa masu yawa."

Ta ce, "Ɗayan nan na roƙa. Ban roƙi na sauran ba, su ba su san Auta ba. Kai ka riƙe ta a wannan majami'a ran da aka miƙa ta ga Ubangiji. Ban taɓa roƙonka masara ba, Yaya. A da ina da gonata, ina ciyar da 'ya'yana. Baki kawai na ce ka buɗe."

Ta kama hannun 'ya'yanta ta fita daga filin, buhunan suna nan a ƙasa.

Wani daga cikin dattawa ya ce, "Ku rabu da ita, baƙin ciki ne ya taɓa ta." Wata ta ce, "Ba ta da godiya." Aka ce wa mawaƙa su ci gaba. Sauran baƙin suka karɓi masararsu kai a sunkuye, gama yunwa tana cin 'ya'yansu. Laraba ta tafi wani gari tana ƙodago a gonakin mutane. Manomin kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Amma bai sayar da jarinsa ba, bai kuma buɗe baki ba. Da taron shekarar da ta biyo baya ya zo, sai ya ce ba shi da lafiya, ya wakilta wani. Aka sa wa majami'a tagogi, aka rubuta sunansa a jikin bango.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana zuba jari. Ban hana ba. Tagulla da azurfa Ubangiji ne ya ajiye su a cikin ƙasa, wanda ya fito da su ta hanyar gaskiya ya ci halalinsa. Ran da manomin nan ya sayi hannun jari bai yi zunubi ba. Amma tun daga ranar ya zama mai abu, kuma mai abu shi ake tambaya. Ya so ya zama mai kamfani ranar rabon riba, ya zama baƙo ranar da aka ce yara suna mutuwa. Wannan wayo ne, kuma a gaban Allah ba ya cin kasuwa.

Ya ce jarinsa kaɗan ne. Ai yawancin waɗanda ke ɗakin taron nan haka kowa ya ce wa kansa, kuma da ƙananan hannuwan nan aka kashe rafin. Wataƙila da ya yi magana, da duk da haka an rinjaye shi. Ba a ce masa lalle sai ya yi nasara ba. An ce masa ya faɗi abin da ya sani, gama a ɗakin taron nan shi kaɗai ne ya san sunan yarinyar da ke kwance. Ya sani. Wanda bai sani ba, ba ya ɗaukar ruwan gidansa zuwa makoki.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne masarar nan. Ya ci daga abin da ya raba su da gonakinsu, ya gutsuro kaɗan ya miƙa musu, ya tsaya yana jiran godiya! Mutanen da ke ci da guminsu ya mai da su masu layi, sa'an nan aka kira shi mai jinƙai. Wane jinƙai? Kuna tsammani Ubangiji mabukaci ne, da za a toshe masa baki da tagogi? Shi da ya yi dutsen da abin da ke cikinsa?

Masu guɗa ma ba su tsira ba, haka dattawan da suka ce a ci gaba da waƙa. Gwauruwa ta tsaya a gidan Allah ta faɗi gaskiya, aka ce ba ta da godiya, domin mai laifin shi ne mai bayarwa. Ikilisiyar da ke auna mutum da nauyin baikon da yake sakawa a kwano ta riga ta sayar da bakinta.

Na san yawancinku ba ku da jari a ramin azurfa. Amma akwai mai mota a hanya, direbansa yana tuƙi ba hutu, ya san birkin ba shi da kyau, ya ce a lallaɓa. Akwai mai gidan haya da bango ya tsage a kan 'ya'yan mutane. Akwai wadda ta ba da kuɗinta a juya mata, ba ta tambayar da me ake juyawa, don kada ta ji. Akwai wanda ke zama a kwamiti, ya ga ana danne wani, ya ce ba shi kaɗai ba ne. Ku bar cewa ba ku sani ba, alhali kun ƙi tambaya ne.

Yanzu kwanon baiko zai zagaya kamar kullum. Wanda ya san akwai mai kuka a bayan kuɗin da ke aljihunsa, bari kwanon ya wuce shi yau. Ba wanda zai dube shi. Ya tashi ya nemi mai kukan tukuna.