Zoben da Abdulrazak Ya Ɓoye

Akwai wani saurayi ɗan Galma, sunansa Abdulrazak, wanda ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan kamar yadda samarin yankinsu na Adar suka saba. Aikinsa can soya kifi ne a rumfar garba, wato garin rogo da kifi da ake sayar wa leburori. Sana'a ce ta halal, babu abin kunya a cikinta. Amma shi gogan naka ya gaya wa mutanen gida wai a biro, wato ofis, yake aiki, har da na'urar sanyi.

Da damina ta matso, lokacin komawa gona ya yi, sai ya ga ba zai shiga Galma hannu rabbana ba, dole a ga hotonsa a bakin teku. Ranar Lahadi ya ari kwat da baƙin tabarau, ya fesa turare don ya danne ƙarnin kifi, ya hau mota zuwa Basam, garin da ake zuwa yawon buɗe ido.

Yana sauka 'yan kamasho suka yi masa caa. Wani siriri mai jar hula ya riga kowa, ya rusuna, ya kira shi “babban patoro”, wato maigida da Faransanci. Shi ke nan, kan Abdulrazak ya kumbura. Mutumin da shekara biyu ana daka masa tsawa a kan kaskon mai, yau ga wani yana riƙe masa jaka.

A bakin hanyar shiga rairayin akwai wani tsoho zaune kan kwali, da sandunan guragu a gefensa, yana bara. Ya dubi zanen da ke kumatun saurayin, ya gane ɗan gida ne, sai ya ɗaga murya.

“Ɗana, sannu da rana. Kai Ba'adare na ko? Tsaya ka jiya. Wanga mai jar hula ɓarawo na, kak ka ba shi jikkarka.”

Abdulrazak ya ji kowace kalma sarai. Amma a ce mai bara ya kira shi ɗansa a gaban wanda ke ce masa patoro? Ya gyara tabarau, ya yatsina fuska, ya ce da gurgun Faransancinsa wai shi bai san wannan yaren ba. Har da kaɗe gefen kwat ɗin aro, kamar maganar tsohon ta bar masa datti.

Mai jar hula ya zaga da shi. Ya nuna masa tsofaffin gidajen Turawa, ya ɗauke shi hoto jingine da motar wani, ya ɗauke shi riƙe da kwakwa. Can ya ce hoton manya shi ne wanda ake shiga ruwa har gwiwa a juya baya, a buɗe hannuwa ana kallon teku. Wawan ya tuɓe takalma da kwat, ya miƙa waya, ya shiga ruwa ya shanya hannuwa kamar tsumman da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye.

Ya daɗe a haka yana jiran a ce ya juyo. Da ya gaji ya waiga, babu jar hula, babu waya, babu jaka, babu kwat. Ko takalman ba a bar masa ba.

Ya yi ihu, ya yi gudu sama da ƙasa, masu shan iska suna kallonsa suna dariya. Ya roƙi kuɗin mota wajen mutum kusan goma, kowa ya kau da kai. Da la'asar, yunwa ta ci shi, ƙafafunsa suka kai shi inda ba ya so.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

“Yanzu kana jin Hausa?”

“Ina ji, Baba.”

“Madalla. Zamna, ga gurasa.”

Yana ci yana faɗa wa tsohon gaskiya: sunansa, garinsu, sana'arsa, da cewa gida yake shirin komawa. Sunan tsohon Ayuba, mutumin Bangi ne. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa kafin kaya su faɗo masa a ƙugu. Ya kwance bakin zanensa, ya juye wa Abdulrazak abin da ya samu a ranar don ya hau mota. Sannan ya zare wani zoben azurfa daga ɗan yatsansa.

“Tunda gida za ka, ga amana. Zoben matata na, Allah shi jiƙan ta. Ka kai ma ɗiyata Lantana, tana saida albasa kasuwar Madawa. Ka ce mata ka gane ni da idonka, ina nan da raina.”

Abdulrazak ya rantse har da hawaye. Hawayen kuwa ba su kai tasha ba suka bushe.

Ya iso Galma, ya baza labari. Wai wayarsa faɗawa ta yi teku lokacin da yake cikin jirgin shaƙatawa da abokan biro. Zoben kuma ya cusa shi ƙasan akwati, domin in ya kai, dole a tambaye shi inda ya haɗu da Ayuba. Tsakanin Galma da Madawa ba wata tafiya ba ce a babur, amma aka yi shuka, aka yi noman farko, bai je ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, mai bara ma yana samun aron waya.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaune a majalisa cikin dattawa da samari, har mahaifinsa na wurin, yana ba da labarin yadda mabarata suka ɓata wa 'yan Nijar suna a waje. Sai ga babur ya tsaya, wata mata ta sauko ta yi sallama.

“Ni ce Lantana ɗiyar Ayuba na Bangi. Ina biɗar Abdulrazak mai soya kihi rumfar garba. Babana ya kira ni, ya ce yaron da anka tuɓe bakin ruwa, wanda ya ba gurasa da kuɗin mota daga cikin baratai, shi ya ba zoben innata. Wata biyu ina jira.”

Mahaifinsa bai ɗaga murya ba, ya dai dube shi ya ce, “Tashi ka ɗauko.”

Ya tafi ya dawo, kansa a ƙasa. Lantana ta karɓi zoben, ta goge shi da gefen mayafi, ta sa a yatsa. Ta juya za ta hau babur, sai ta tsaya.

“Babana ya ce in gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko ka samu takalmi.”

Darasi: Wanda ya ji kunyar harshensa da mutanensa don baƙo ya kira shi babba, ranar da baƙon zai tuɓe shi, mutanen nan da ya raina su ne za su rufa masa asiri. In kuwa an ba ka amana, ka isar da ita ko da za ta tona ƙaryarka. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke biɗa a ƙasashen waje, ko wani zai gyara.