Saƙonnin Zakariya'u da Nabil Ya Share

A Sabon Garin Maraɗi akwai wani saurayi mai suna Nabil. Yaro ne mai kai, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Amma yana da wani hali da ya yi masa illa: gaggawa, da ganin cewa abin da ya fahimta ba sai ya tsaya yi wa kowa bayani ba. A wurinsa shawara ɓata lokaci ce.

Yana aiki a wani ɗan biro, wato ofis, kusa da kasuwa, inda suke ƙera manhajar waya wadda 'yan kasuwar hatsi ke duba buhunan gero da wake da suka shiga sito ko suka fita. Wanda ya kafa wurin shi ne Zakariya'u, ɗan Tsibiri, tare da matarsa Nafisa. Shi ya ɗauko Nabil ya koya masa aiki, kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai ƙanena.

Duk aikinsu yana cikin ma'ajiya ɗaya da suke kira rumbu, a kan wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a kusurwar biro, kuma kowa cikin su ukun yana da kwafin rumbun a tasa. Manhajar da ke riƙe musu tarihin aikin ita ce Git. Duk wanda ya yi gyara sai ya ajiye shi da ɗan saƙo mai faɗin abin da ya gyara, sannan ya tura rumbun tsakiya. Sauran mutane kan rubuta kalma biyu su wuce. Zakariya'u kuwa hira yake zubawa.

"Na gyara lissafin buhu. Nafisa ta ce ba zan gama kafin la'asar ba, to ga shi, a damo mini fura."

"Ruwa ya tsare ni a hanyar Tsibiri, moto ya ƙi tashi. A ƙarƙashin iccen bedi na yi wannan gyara."

Ranar da aka haifi ɗiyarsu Fadila ma sai da ya leƙa rumbun ya bar saƙo.

Fadila ba ta fara tafiya ba Zakariya'u ya kwanta ciwo. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da Nafisa ta fita takaba ta koma biro, domin wurin ba shi da kowa sai ita da Nabil. Kullum da safe, kafin ta taɓa komai, sai ta buɗe tarihin rumbu ta karanta saƙo ɗaya ko biyu. Wata rana ta yi murmushi, wata rana ta ja gefen mayafi ta share ido. Da yake gida ɗaya, biro ɗaya suka zauna, ba su saba rubuta wa juna a waya ba, don haka a nan kaɗai maganarsa ta rage mata.

"In Fadila ta iya karatu," ta ce wa Nabil wata safiya, "nan zan zaunar da ita ta ji yadda ubanta ke magana."

"Allah ya nuna mana," ya ce, idonsa na kan nasa allon. Ko juyowa bai yi ba.

Ana nan sai Nabil ya gano wata sabuwar manhajar adana tarihi mai suna jj. Tana iya zama cikin rumbu ɗaya da Git, kowa ya yi aiki da wadda yake so. Da ita mutum kan haɗe tsofaffin ajiya ko ya sake musu saƙo cikin sauƙi, kuma tana riƙe da nata tarihin na duk abin da aka sa ta, yadda in ka yi kuskure za ka iya komawa baya. Nabil ya saka ta a ordinatarsa. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne bai gaya wa Nafisa ba.

Sai labari ya zo cewa wasu baƙi daga Yamai za su zo duba aikinsu, ƙila su ba su kwangila. Nabil ya buɗe tarihin rumbu, ya ga fura da moto da bedi sun yi dogon layi. Kunya ta kama shi.

"Kai! Mutanen Yamai su ga wannan shirme?" ya ce a ransa.

Ya umarci jj ta dunƙule tsofaffin ajiyar su koma 'yan kaɗan, ya rubuta musu sababbin saƙonni da Faransanci, tsaf-tsaf. Manhajar ta ƙi, ta gargaɗe shi cewa wannan tarihi an riga an raba shi da wasu, ba a taɓa shi. Jama'a, na'ura ma ta ce masa dakata! Ya nemi hanyar tsallake gargaɗin, ya tsallake, ya tura sabon tarihin ya danne tsohon a rumbun tsakiya. Da ya ga tsohuwar ordinatar ta cika, ya sa ta share duk abin da ba a amfani da shi.

Washegari Nafisa ta yi gyara, ta je turawa, Git ta ƙi karɓa.

"Nabil, zo ka gani. Mi ya faru? Wai tarihina ya saɓa da na tsakiya."

"Kwafinki ne ya rikice, Maman Fadila. Goge shi ki ɗauko sabo."

Ta yarda da shi, domin Zakariya'u ya yarda da shi. Ta goge, ta ɗauko sabo, aiki ya tafi. Sai da safe ta buɗe tarihi kamar kullum. Ta yi ƙasa, ta yi sama. Babu fura, babu bedi, babu ranar haihuwar Fadila.

"Nabil." Ta juyo ta dube shi. "Ina maganganun Baban Fadila?"

A wannan lokaci komai yana nan cikin ordinatar Nabil. Umarni ɗaya zai ba jj, tsohon tarihi ya dawo. Amma dole sai ya faɗi cewa ya saka manhaja a ɓoye, ya taɓa abin da ba nasa shi kaɗai ba, ya kuma sa ta goge kwafinta. Girman kai ya riƙe masa harshe.

"Ban sani ba. Ƙila tsohuwar ordinatar can ce ta fara lalacewa."

Da ta tashi yin azahar, ya goge nasa kwafin gaba ɗaya tare da jj, don kada ta ga alama. Ya ce wa kansa in baƙi sun tafi zai tono tsohon tarihin daga rumbun tsakiya ya mayar a asirce. Da ya je tonowa ya tarar wayam. Sai a lokacin ya tuna da hannunsa ya share shi.

Saura wuri ɗaya, ordinatar marigayin. Nafisa ta goya Fadila ta hau kabu-kabu zuwa Tsibiri gun surukarta. Tsohuwar ta ce ai ta ba jikanta Tanimu a Jiratawa, ya yi karatu da ita. Da Nabil ya ji haka bai jira an aike shi ba, ya buga moto, wato babur, sai Jiratawa.

"Ga ta nan," in ji Tanimu. "Amma ban san kalmar sirrinta ba, sai na kai wa mai gyara ya wanke ta tas, ya zuba mini sababbin abubuwa. Lahiya dai?"

Nabil ya juya ya hau moto. A hanyar dawowa ya tsaya bakin gonakin gero, ya zauna ya yi kuka har ya gaji. Yanzu ne kewar mutumin da ke ce masa ƙanena ta taso masa.

Da ya isa biro ya durƙusa gaban Nafisa ya faɗa mata komai. Ta saurare shi har ya gama.

"Ranar da na tambaye ka, da ka faɗi gaskiya, da sun dawo?"

"Da sun dawo, Maman Fadila."

Ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Baƙin Yamai suka zo, suka gwada manhajar, suka yaba. Ko buɗe tarihin ba su yi ba.

Tun daga nan Nafisa kan zauna da safe tana ƙoƙarin rubuta abin da ta tuna. Wasu sun zo mata, da yawa sun tsere. Wata safiya ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Na ranar haihuwar Fadila ne ya shige mini. Ya ce, yau Allah ya ba mu ɗiya, gyara ɗaya na iya yi. Sai kuma mi? Hannuna na rawa ya ce, ko zuciyata na rawa? Nabil, kai ne na ƙarshe da ya gan su. Don Allah tuna mini."

Nabil ya sunkuyar da kai. Ya share su duka, amma wannan bai taɓa tsayawa ya karanta shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari, ya mai karatu, shi ne abin da aka haɗu a kansa ba a sake shi ba tare da shawara ba, komai ƙwarewar mutum, domin abin da kake gani tarkace wataƙila shi ne kaɗai ya rage wa ɗan'uwanka. In za ka kawo sabon kayan aiki cikin aikin haɗin gwiwa, ka sanar, ku yarda da abin da za a taɓa da wanda za a bari. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun yana gyaruwa. Gaggawar Nabil ta ɓatar da saƙonnin, amma ƙaryarsa ce ta hana su dawowa.