Rigakafin da Ya Wuni a Rana

Dokta matashi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma son a gan shi ya fi ƙarfin son aikinsa. Likitan dabbobi ne, kuma da kajin da Inna, mahaifiyarsa, take kiwo a bayan ɗaki aka yi masa karatu. Da ya gama, aka tura shi ofishin lafiyar dabbobi na unguwar da aka haife shi. Mutane suka yi murna, suna cewa yanzu kam sun sami nasu. Sai dai Dokta bai dawo don ya durƙusa a bakin akurki ba. Kullum yana ƙarƙashin fanka yana latsa waya, yana zuba dogon bayani a kan yadda matasa za su kori talauci. In mace ta shigo da kaza mai gyangyaɗi, sai ya toshe hanci ya ce ta tsaya daga waje.

A lokacin matan unguwar sun haɗa ƙungiyar kiwon kaji, yayarsa ce shugaba. Sana'ar ta fara karɓar su. Matar tela ta mayar da 'ya'yanta makaranta, Inna kuwa har ta ƙara akurki. Kwatsam sai aka ji annobar kaji ta ɓulla a kasuwa. Yaya ta yi ta zarya ofis har aka aiko da maganin rigakafi a cikin kula mai ƙanƙara, tare da gargaɗin kada zafi ya taɓa shi.

Ranar da aka tsayar za a yi rigakafin, aka gayyaci Dokta taro a wani otal don ya yi jawabi a kan matasa da yaƙi da talauci. Ya jefa kular a but ɗin mota, ya ce yanzu zai dawo. Mata suka kulle kajinsu tun safe suna jira. Shi kuwa yana can ana tafa masa, ya tsaya cin abinci, ya tsaya hotuna yana watsawa a waya, motar tana gasuwa a rana. Da la'asar ya buɗe but, ya tarar ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi.

Ya sani sarai maganin ya mutu, ai abin da ya karanta ke nan. Da ya buɗe baki ya faɗa, da an nemo wani. Amma faɗar na nufin Oga, shugabansa a wurin aiki, ya ji, shi kuma ba ya so a ga gazawarsa. Sai ya tsaya wurin mai sayar da ƙanƙara ya sake cika kular, ya bi gida gida yana ɗiga wa kaji ruwan banza a ido. Inna ta riƙe masa kajinta da hannunta, tana sa masa albarka.

Da yake sun ɗauka an yi rigakafi, matan suka saki jiki. Suka buɗe kaji, wasu ma suka sayo sababbi suka haɗa. Ba a jima ba cutar ta shigo. Aka wayi gari ana kwashe mushe a baro, wari ya cika lungu. A unguwar da ke maƙwabtaka da su kuwa, inda aka yi amfani da irin maganin nan, kaji suna ta kiwonsu lafiya. Yaya ta yi ta juya abin a ranta, sai ta tuna da hotunan taron, da sa'ar da ƙanenta ya iso musu. Ta same shi a ofis, ya fara kame-kame wai ƙila tun daga kamfani maganin ya zo a lalace.

"Dube ni nan," in ji ta. "Ka san ya lalace kafin ka ɗiga?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da ka ce mana babu magani, da mun tsare kajinmu a kulle. Kai ka sa muka buɗe musu ƙofa. Har Inna ka bari ta riƙe maka, tana yi maka addu'a."

Magana ta kai kunnen Oga, aka bincika, aka sallami Dokta. Amma korarsa ba ta tayar da kaza ko ɗaya ba. Ƙungiya ta watse, 'ya'yan matar tela suka koma zaman gida. Daga baya aka turo wata matashiyar likita mai son aiki, da magani mai rai a kularta, tana bin gidaje a ƙafa. Masu ɗan sauran kaji suka riƙa ɓoye su, suna ce mata sun gode, an riga an yi musu sau ɗaya.

Darasi: Ya ku matasa, talauci ba ya jin jawabi, kuma ba ya tsoron hoto. Abin da yake korarsa shi ne kowa ya riƙe aikin da ya koya da gaskiya, ya kai shi ƙofar masu buƙata a kan lokaci. Kuskure kowa na yi, amma wanda ya rufe nasa don kare sunansa, talakan da ya amince da shi ne yake biya, shi kuma mai rufewar ya toshe hanya ga na kirki da za su zo bayansa.