Kapasitar da Gajere Ya Ɗaura wa Injin Haulatu

Akwai wani mai gyaran injin ruwa a Kankia, sunansa Gajere. Ya iya aiki, wannan ba musu, sai dai ba a gaya masa magana. Shago ɗaya suke da yayansa Labaran.

Ana tsakiyar zafin bazara Haulatu, wata mai kiwon kaji a Kusada, ta bugo masa waya. Injin rijiyarta ya tsaya, kaji sun buɗe baki sai haki suke. Gajere ya je ya duba, ya tarar kapasita ce ta ƙone, wato ɗan gwangwanin nan da ke tara wuta yana taimaka wa inji ya juya.

Ya dawo shago, babu irinta. Sai ya zaro wata baƙa daga kwali.

Labaran ya ce, "Aje ta. Wannan ta tada inji ce kawai. Cikinta takarda ce jiƙe da magani, tana tara wuta da yawa amma ba ta jure daɗewa. Wadda ta ƙone, leda ce tsakanin ƙarafunta, shi ya sa take yini tana aiki. Bari gobe a kawo daga Katsina, yau a sayo mata ruwa."

Gajere ya kwashe da dariya. "Yaya, lambarsu fa ɗaya. Takarda ko leda, wa ke gani? Ni aikina bai kwana."

Ya koma Kusada ya ɗaura. Ruwa ya zubo, Haulatu ta yi ta sa masa albarka. Bai gama shan furar da aka kawo masa ba sai aka ji fus! Kapasita ta fashe, inji ya yi ta gurnani har wayoyin cikinsa suka ƙone.

Gyaran yini guda ya koma na makonni. Kafin la'asar kaji sun fara faɗuwa, abin tausayi.

Haulatu ba ta zage shi ba. Kurar ruwa ta nuna masa da jarkoki, ta ce, "Malam Gajere, an ce aikinka bai kwana. To kajina ma ƙishirwarsu ba ta kwana."

Haka ya yi ta tura kura safe da yamma har aka gyara injin. Har yau in ya gitta Kusada a kan babur, sai ka ji an ƙwala masa kira: "Mai ruwa!"

Darasi: Kamannin waje ba su ne ingancin abu ba, abin da ke ciki shi ke ɗaukar nauyi. In wanda ya sani ya ce ka dakata, ka dakata. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani.