Sakainar Tabawa

To, ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Wanda ya san barci zai yi ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita labari. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani gari ne a bakin kogi. Bishiyoyi sun kewaye shi, ɗorawa da kaɗanya da marke da kanya, har mutum ya fita daga gidansa ya kai gona rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Mutanen garin suna da wata al'ada tsakaninsu da kogin. Kowace shekara, idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a samo ƙwarya a zana garin a bayanta, da duwatsunsa da hanyoyinsa da kowace bishiya da ke tsaye. Sai a kai ƙwaryar bakin ruwa a sake ta. Sai kogi ya ɗauka ya duba, ya ƙirga bishiyoyin, ya aiko wa kowacce da ruwan shanta. Bishiya ta sha, ta riƙe saura a saiwarta, ta riƙa sakar wa gonaki kaɗan-kaɗan. Haka suke zaune, ba fari, ba ambaliya.

Mai yin zanen wata tsohuwa ce, sunanta Tabawa. Kafin ta taɓa ƙwarya sai ta kwana bakwai tana zaga gari da sandarta, tana dafa kowace bishiya da hannu. Sannan ta zauna ta sa wuƙa a wuta har ta yi ja, ta riƙa ƙona zanen a bayan ƙwaryar. Idan ta zana kuka, kowa zai ce ai wannan kukar bakin kasuwa ce, ga ma reshen nan da tsawa ta karya. Ga hannu, ga taurin kai. Ku da kuke cewa ina da faɗa, ba ku ga Tabawa ba ne.

Ana nan, sai aka yi sabon mai gari, sunansa Barmo. Shi kuwa abin da yake so a duniya shi ne ya zauna a zaurensa ya hango gonarsa tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ya tare masa ido. Sai ya sa aka shiga sara. Aka sare ɗorawa, gona ta ƙara faɗi. Aka sare kaɗanya, gona ta ƙara faɗi. Kafin rani ya ƙare, bishiya uku ce ta rage a garin: kukar bakin kasuwa, da tsamiyar maƙabarta, da wani gawo da ya gagari gatari.

Sai hadari ya fara haɗuwa. Tabawa ta ɗauki sanda ta zaga gari. Zagayen da take kwana bakwai tana yi, kafin hantsi ta gama shi. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta ɗauko babban masaki, ta zana bishiya uku, sauran wurin duk ta cika shi da kututture.

Aka kai wa mai gari ya duba. Sai ya ce, "Tabawa, mene ne wannan?"

Ta ce, "Garinka ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Idan kogi ya ga bishiya uku, ai ruwan uku zai aiko. Gonata fa? Ki koma ki zana dubu."

Ta ce, "Idan ya aiko ruwan dubu, wa zai sha? Kututture ba ya shan ruwa, ranka ya daɗe. Garin zai ci."

Ya ce, "Ba shawara na kira ki ba. Zana na ce."

Ta ce, "Abin da na dafa da hannuna shi nake zanawa."

Sai ya ɗaga masakin ya buga da ƙasa, ya tarwatse.

Tabawa ta koma gida. Sai ta ɗauko ƙoƙon da take shan fura da shi, ta sa wuƙa a wuta, ta zana bishiya uku da kututture. Da safe ta kawo da kanta.

Mai gari ya juya ƙoƙo, ya juya, ya ce, "Ina dubun?"

Ta ce, "Suna cikin murhun matanka."

Wannan karon sai ya sauke murya. Ya ce, "Haba Iya, ai ke uwa ce. Zan ba ki saniya mai tatsa, in sa a yi miki sabon ɗaki."

Ta ce, "Ɗakin da ruwa zai tafi da shi? Ka riƙe saniyarka, ka koya mata iyo."

Mutanen zaure suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sai ya taka ƙoƙon da ƙafa, ya fashe.

Tabawa ta koma gida. Ba masaki, ba ƙoƙo, sai ta ciro ludayi daga cikin tukunya, ta wanke shi. Ta zana bishiya uku a bayansa, kututturen kuma ta jera su a kan mariƙin har ƙarshe. Ta kawo.

Mai gari ya ce, "Sau uku ke nan. Ko ki zana dubu, ko ki bar mini gari yau."

Ta ce, "Ka kawo ƙwarya ɗari, ranka ya daɗe, uku za ka gani sau ɗari."

Sai ya karya ludayin, ya sa aka ƙwace wuƙarta, aka kore ta. Ba wanda ya ce uffan, kowa yana tsoron mai gari. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, don a garin aka haife ta, a nan kuma ta binne mijinta. Amma ba ta roƙi kowa ba. Da za ta fita daga zauren, sai ta duƙa ta tsinci sakaina guda daga fasasshen masakin nan, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ta ƙulle a bakin zani. Ta hau dutsen da ke bayan gari ta zauna.

Sai mai gari ya kira Cindo, mai sassaƙa turmi. Ya ce, "Ka iya zana bishiya?"

Cindo ya ce, "Ai ba wuya, ranka ya daɗe. Sanda ce da gammo a kanta."

Ya zauna ya cika ƙwarya da sanduna masu gammo, ciki da baya, har ba inda za a sa yatsa. Aka kai bakin kogi da kiɗa, aka sake ta. Kogi ya ɗauka ya ƙirga, ya ce, "Dubu da ɗoriya. Lallai bana akwai masu ƙishi." Sai ya tattaro ruwa ya taho.

Ruwa ya iso ta inda ɗorawa take a da, ya ce, "Ɗorawa, ga ruwanki." Shiru. Sai ya wuce. Ya kai inda kaɗanya take, ya ce, "Kaɗanya, ga ruwanki." Shiru. Sai ya wuce. Ya kai inda marke yake, nan ma shiru. Tun da ba mai karɓa, sai ya shiga gonar mai gari ya kwashe ta, ya shiga rumbuna, ya shiga zaure, ya doshi gidajen talakawa. Mutane suka kwashi yara da awaki suka yi kan dutse. Mai gari kuwa ruwa ya rutsa da shi a kasuwa, sai ya ɗare kukar nan, rawani a wuya. Bishiyar da bai samu damar sarewa ba, ita ce ta riƙe shi.

Mutane suka iske Tabawa a kan dutse. Suka ce, "Iya, mun yi shiru ranar da aka kore ki, ki yafe mana. Garin zai tafi."

Ta ce, "Shirun naku ma na ji shi. Ku matsa ku ba ni haske."

Sai ta kwance bakin zani ta ciro sakainar. Ba wuƙa, ba wuta. Ta sa hannu a gashinta ta zare tsinken kitso, ta shiga karce bayan sakainar. Ta zana kuka, ta zana tsamiya, ta zana gawo. A kan kukar ta ƙara wani ɗan abu mai rawani. Duka suka shiga, har da sauran wuri. Ta ce, "Kun gani? Garin da masaki ba ya ɗauka, yau sakaina ta yi masa yawa."

Ta gangara bakin ruwa ta sake ta, tana waƙa:

"Kogi, kogi, ga sakainata,
Abin da na dafa shi na zana,
Uku ne masu sha, ba dubu ba,
Ka ba su nasu, ka mai da saura."

Kogi ya ɗauka ya duba. Ya ce, "Wannan hannun na san shi. Ashe sanduna aka aiko mini." Sai ya ba kuka nata, ya ba tsamiya nata, ya ba gawo nasa, ya janye sauran ya koma makwancinsa. Gidaje suka tsira, ban da na mai gari. Gonarsa kuwa ta zama rairayi fari fat, ga ta nan ana hango ta tun daga farko har ƙarshe, yadda yake so.

Ya sauko daga kuka, ya zo gaban Tabawa ya durƙusa. Ya ce, "Iya, ga wuƙarki, ki dawo gida. Amma ruwan bishiya uku ba zai ishe mu ba. Baɗi ki ɗan ƙara ko goma ce."

Ta karɓi wuƙar, ta duba bakinta, ta soke a ƙugu. Ta ce, "Ka dasa, in zana. Kuma ba zan zana ba sai ranar da akuya ta kwanta a inuwarta, inuwar ta rufe ta har wutsiya."

Shekara bakwai mai gari yana ɗaukar tulu a ka yana ba dashe ruwa, yana jan akuya daga wannan gindi zuwa wancan yana gwadawa. A ta bakwai ɗin akuya ta kwanta a ƙarƙashin wata 'yar ɗorawa, inuwa ta rufe ta. Tabawa ta zo ta leƙa, ta dafa bishiyar, ta ce, "Huɗu." Sai ta tafi hura wuta.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka. Abin da babu shi kada ku ce akwai, ko wa ya tsare ku da ido. Kuma gobe in sake ganin wani yana karya reshen dalbejiyar ƙofar gida, ni da shi ne. Ku tashi ku kwanta.