Namijin Dabinon da Aka Sare

Akwai wani mutum da ya sayi lambun dabino a bakin wani kwari. Bishiyoyi arba'in ne a ciki, kuma ba iri ɗaya ba ne, gama wanda ya dasa su ya kwaso su daga wurare dabam-dabam, wasu daga hamada, wasu daga ƙasar duwatsu, wasu daga fadama. Mutumin nan ba rago ba ne, wannan kam sai a yaba masa. Ya zauna ya koyi halin kowace bishiya. Ta hamada ba ya cika mata ruwa, ta fadama kuwa kullum gindinta a jiƙe. Lokacin da ya sayi lambun 'ya'ya sun riga sun kama, don haka a shekarar ya ci, ya sayar, har ya ba maƙwabta.

Amma a kusurwar lambun akwai wani tsohon dabino, dogo, ya girmi dukan sauran. Ko ƙwaya ɗaya bai yi ba. Da shekara ta zagayo, mutumin ya dube shi ya ce, "Wannan ci-ma-zaune fa? Yana shanye mini ruwa, yana tare wa sauran rana." Sai ya kawo gatari ya kwantar da shi. Ya tambayi wani? Ina! Ai shi ne mai lambu.

Bayan kwana biyu sai ga wani tsoho, Baba Jatau, da igiya da wuƙa a hannu. Shi ne yake hawan bishiyoyin tun zamanin mai lambun na fari.

Ya ce, "Sannu da aiki, mai lambu. Na ga matan sun fara buɗe fure, na zo in ɗaura musu na namijin."

"Wane namiji, Baba?"

Tsohon ya waiwaya, ya ga kututture. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Wayyo, ɗana! Duk dabinon da ka ci bara daga jikin wancan ya fito. Furensa nake yanka in ɗaura wa kowace mace a ranar da ta buɗe. In ta yi kwana uku ko huɗu ba ta samu ba, shi ke nan sai baɗi."

Lambun nan shi ne abincin gidan mutumin, ba shi da wata gona. Ya bazama ƙauyukan kewaye yana neman furen namiji, amma kowa ya riga ya ɗaura wa nasa. Ya dawo ƙafa duk ƙaya, ya ɗaga kai, ga furanni farare a buɗe suna jira. Matarsa ta tsaya a bakin shinge ta ce, "Maigida, bana me yaran nan za su ci?"

Baba Jatau ya durƙusa a kan bishiyar da aka kayar, ya yi ta tona cikin ganyenta da wuƙa har ya sami kunshin fure biyu da ba su bushe ba. Bishiya shida kaɗai suka isa. Sauran talatin da uku suka yi ganye kore shar, gwanin sha'awa, suka fitar da 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo, suka kakkaɓe tun ba su nuna ba.

Mutumin ya ce, "To Baba, baɗi fa?"

"Ko yau ka dasa wani namijin, sai ka jira shi kamar shekara biyar."

Ma'anar wannan misali ita ce: bishiyoyin nan mu ne masu bin Yesu, kowace kabila da harshenta da al'adarta. Daidai ne a ba kowa bishara yadda zai gane ta. Mu yi yabo da kalangu, mu yi addu'a da bakin iyayenmu, babu wanda ya ce sai mun zama Yahudawa kafin Allah ya karɓe mu. Tsohon dabinon kuwa shi ne alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim, da abin da ya faɗa ta bakin Musa da annabawa. A cikin Yahudawa aka haifi Yesu, idinsu ya ci, littattafansu ya karanta.

Abin da yake hana ni sakewa ke nan, 'yan'uwa. Ina jin wasunmu suna cewa, "Waɗancan tsofaffin labarai na Yahudawa ne, me ya haɗa mu da su?" Har akwai masu ambaton mutanen da reni. Kai, ku ajiye gatarin nan! Majami'armu takan cika maƙil, waƙa tana tashi, amma ciki ba ƙwallo. Ka gwada da kanka in ka koma gida. Ka tambayi 'yarka don me ake kiran Yesu Ɗan Rago na Allah. In ba ta san jinin ɗan ragon da aka shafa a dogaran ƙofa a Masar ba, to, sara ya riga ya yi nisa a gidanka, kuma gatarin a hannunka yake.